Kafin ku nufi Ikeja: abin da ya kamata mai son ganin manyan bayanan bincike da ido ya saya

Duk wanda tarin bayanan bincikensa ya taɓa sandarar masa da kwamfuta, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne katin hoto. Sai ya haɗa kuɗi ya nufi Computer Village a Ikeja, ya ce a ba shi NVIDIA mafi ƙarfi da aljihunsa zai ɗauka. Ya koma gida ya buɗe fayil ɗin, kwamfutar ta sake sandarewa kamar jiya. An yi ɗori ne a ƙafar da ba ita ta karye ba.

Wannan bayani na 'yan'uwa ne da ke fama da irin wannan aiki a Legas: ɗalibai masu digiri na biyu da na uku a Akoka da Ojo, ma'aikatan binciken teku a Victoria Island da na binciken lafiya a Yaba, da masu nazarin ƙarƙashin ƙasa a kamfanonin mai. Abin da ya haɗa su shi ne bayanansu na da girma, kuma a kowane gurbi ba abu ɗaya aka auna ba. Ɗauki yanayi: zafi, danshi, ƙarfin iska da inda ta dosa, nauyinta, ruwan sama, duk a wuri guda, awa bayan awa. Ana so a ga waɗannan ma'aunai, a juya hoton, a matso, a ja baya, ba tare da an zauna jiran kwamfuta minti goma ba.

Allon kwamfuta na yau da kullum, mai 1920 sau 1080, ɗigo 2,073,600 ne kawai a kansa. Ko mai 4K bai kai miliyan 8 da rabi ba. In bayananku sun kai layi miliyan 100, babu allon da zai nuna su ɗaya bayan ɗaya, dole wani abu ya taƙaita su kafin su iso ido. Wa zai taƙaita, a ina, da wace ƙa'ida? Amsar nan ce ke nuna manhajar da ta dace da ku, manhajar kuma ita ke nuna na'urar da za ku saya.

A auna hatsi kafin a sayi buhu

Lissafin ba shi da wuya. Kowace lamba a irin waɗannan fayiloli tana cin bayit 4 in nau'in float32 ce, ko bayit 8 in float64 ce. Ku ninka yawan gurabe da yawan lokuta da yawan ma'aunai da wannan bayit ɗin, ku ga nauyin kayan in an shimfiɗa su a RAM. Girman da kuke gani a jikin fayil yaudara ne, domin galibi a matse yake.

ERA5, taskar yanayin duniya ta cibiyar ECMWF ta Turai, tana da bayanan kowace awa daga 1940 zuwa yau. Ta raba duniya gida-gida, 1440 a kwance 721 a tsaye, gurbi 1,038,240 ke nan. Taswira ɗaya ta ma'auni ɗaya MB 4 ce da ɗan ɗori. Shekara awa 8,760 ce, don haka zafin saman ƙasa kaɗai na shekara guda ya haura GB 36. Ma'auni biyar na shekara 30 sun tasam ma TB 5 da rabi. To amma mai nazarin daminar Najeriya me ya haɗa shi da Siberiya? Daga digiri 4 zuwa 14 arewa, 2.5 zuwa 15 gabas, gurbi 41 sau 51 ne, wato 2,091. Shekarar da ta ci GB 36 ta dawo MB 73, shekara 30 ɗin nan da ma'auni biyar ta dawo GB 11. Shafin Copernicus da ake sauke ERA5 yana barin mutum ya yanke yankinsa tun kafin saukewa. Wannan yanka ɗaya ya fi duk wani kati da ke titin Otigba amfani, kuma ba a biyan ko sisi.

Wajen yankan akwai ramuka biyu. ERA5 tana jera layukanta ne daga arewa zuwa kudu, daga 90 zuwa -90, don haka in kuka ce wa xarray, manhajar Python ta buɗe irin waɗannan fayiloli, ta ɗauko daga 4 zuwa 14, ba za ta yi ƙorafi ba, fanko za ta miƙo muku. Daga 14 zuwa 4 ake cewa. Na biyu, wasu kwafin suna ƙirga gabas daga 0 zuwa 360, sai taswirar Afirka ta Yamma ta tsage biyu a kan layin Greenwich da ya ratsa Ghana, Senegal ta koma can ƙarshen allo.

Akwai bayanan da ba sa yankuwa haka. Dunƙulen awon ƙarƙashin ƙasa ko na lissafin gudun ruwa mai 1024 ta kowane ɓangare uku GB 4.3 ne a ma'auni ɗaya, ma'auni biyar GB 21.5. Falle ɗaya na hoton tauraron ɗan'adam Sentinel-2 ɗigo 10,980 sau 10,980 ne a tsarin mita 10, kusan MB 241 a kowane zangon haske, tauraron kuma zango 13 yake ɗauka. Tebur mai layi miliyan 100 da ginshiƙi 20 na float64 GB 16 ne, ya koma 8 in an mai da shi float32, wanda ya ishi zane. Shawararmu, RAM ya ninka abin da dole ku buɗe lokaci guda sau biyu zuwa uku, saboda kusan kowane mataki na tacewa kwafi yake yi.

Mazubi ma na da nasa. CSV shi ne mafi muni ga manyan bayanai. Rubutu ne zalla, sai manhaja ta karanta kowane harafi ta mai da shi lamba, kuma ko ginshiƙi biyu kuke so cikin ashirin sai ta bi duka. Excel kuwa a layi 1,048,576 take tsayawa ta bar sauran a waje, gargaɗin da take yi kuma da yawa dannawa suke yi su wuce. Ku mai da tebur zuwa mazubin Parquet sau ɗaya, daga nan ginshiƙin da kuka kira kawai ake karantawa. NetCDF4 da HDF5 da Zarr suna adana bayanai gunduwa-gunduwa, a ɗauko wadda ake buƙata a bar sauran. Sai dai yankan gunduwar ya dace da tambayarku. In kowace gunduwa taswirar awa ɗaya ce, taswira za ta fito nan take, amma neman tarihin zafin gurbi ɗaya, a ce na Agege, na shekara guda, sai an buɗe gunduwa 8,760 don a tsinci lamba ɗaya a kowacce. Mai yin tambayoyin biyu ya ajiye kwafi biyu da yanka daban-daban, faifai ya fi lokacinsa araha. Gunduwar kusan MB 100 ita ta fi yi wa Dask daɗi, wato manhajar da ke raba lissafi gunduwa-gunduwa. In ta yi ƙanƙanta sosai, lokacin da za a yi lissafi sai ya tafi wajen rabon aiki.

Wace manhaja ga wane kaya

In taswira ce ko yanayi, Panoply ta hukumar NASA ta isa leƙen farko. Kyauta ce, tana buɗe NetCDF da HDF da GRIB, ku ga sunayen ma'aunai da sikelinsu cikin minti biyu. Ba a yi ta don aiki mai nauyi ba. Aikin gaske na xarray ne tare da Dask a Python, waɗanda ba sa ɗauko komai daga faifai sai an nemi sakamako. Hotunan tauraron ɗan'adam kuwa QGIS ce, da sharaɗin a gina wa hoton ƙananan kwafinsa tukuna da umarnin gdaladdo, ko a mai da shi COG, mazubin hoto da ke ɗauke da ƙananan kwafinsa a ciki. In ba haka ba duk jan baya da kuka yi sai ta karanta ɗigo miliyan 120 don ta cika allo mai miliyan 2.

In kayan dunƙule ne mai tsawo da faɗi da zurfi, zaɓin tsakanin ParaView ne da VisIt. Dukansu kyauta ne, dukansu a kan tushen manhaja ɗaya mai suna VTK aka gina su, dukansu a 2002 suka fito. Kamfanin Kitware ne ke haɗa ParaView, da hannun cibiyar binciken Los Alamos ta Amurka tun farkonta, VisIt kuma daga cibiyar Lawrence Livermore take. ParaView tana jera matakan tacewa kamar reshen bishiya, kuna ganin abin da ya haifi wane, kuma ba ta taɓa bayanai sai kun danna Apply. Mai aiki da OpenFOAM, manhajar lissafin gudun ruwa da iska, ParaView ce tasa, tare ake koyar da su. VisIt tana karanta nau'in fayil sama da ɗari, kuma tana da ƙarfi a kan lissafin da ragarsa, wato gidajen da aka raba dunƙulen, ke ƙara laushi a wasu wurare. Wanda zai fara yau ya ɗauki ParaView, darussanta sun fi yawa a intanet. In malaminku ko abokan bincikenku na waje VisIt suke amfani da ita, ku bi su, musayar fayil da saiti ta fi bambancin da ke tsakaninsu muhimmanci.

Ga abin da ya fi kashe ParaView a hannun sababbi. Dunƙulen da aka jera gida-gida daidai wa daida ba ya buƙatar adana matsayin kowane gida, lissafa shi ake yi, shi ya sa bayit 4 kawai yake ci. Da zarar kun danna Threshold ko Clip, sakamakon ya zama raga maras tsari, kowane gida sai an rubuta kusurwoyinsa takwas da matsayinsu, sama da bayit 80. Dunƙulen GB 4.3 ɗin nan, in tacewar ta bar yawancin gidajensa, yana iya neman GB 90, manhajar ta rufe kanta ba sallama. Ku fara da Extract Subset don rage yanki ko ɗaukar gida ɗaya cikin kowane biyu, wanda ke rage nauyi sau takwas. Sannan Slice ko Contour, masu mai da dunƙule shimfiɗa. Threshold ya zo ƙarshe, a kan ɗan abin da ya rage.

In kuwa ɗige-ɗige ne warwatse, kamar awon na'urori ko ƙwayoyin halitta ko wuraren GPS, Matplotlib, manhajar zane ta Python, tana zana kowane ɗigo da kansa, da an shiga miliyoyi sai ta fara jan ƙafa. Jinkirin ma da sauƙi. Abin da ya fi shi shi ne ɗigon da aka zana daga baya yana rufe na farko, wurin da ke da ɗigo ɗari da mai dubu ɗari duk baƙi ɗaya suke fitowa, hoton ya yi ƙarya. Datashader ta bi ta wata hanya. Tana raba allon gida-gida, a ce 800 sau 600, ta ƙirga ɗigo nawa ya faɗa kowane gida ko ta ɗauki matsakaicin wani ma'auni a cikinsa, sannan ta shafa launi a kan ƙirgen. Kuka matso, ta sake ƙirgawa a sabon yankin. Aikinta na RAM ne da furosesa, kati bai zama dole ba. Hoton da za a kai mujalla kuma a bar wa Matplotlib rubutu da layukan gefe, ɗige-ɗigen su shiga a matsayin hoto guda, in ba haka ba PDF ɗin sai ya gagari buɗewa.

Na kuɗi fa? Tecplot 360 da MATLAB da Avizo da Petrel manhajoji ne masu kyau, kuma a kamfanin mai Petrel ce harshen da kowa ke ji, ba a gardama da wannan. Amma da dala ake biyan lasisinsu, da yawa duk shekara ake sabuntawa, kuma da aka saki naira a Yunin 2023, kasafin wannan shekarar bai sayi lasisin wadda ta biyo ba. Kafin ku biya ku tambayi sashenku ko akwai lasisin da aka riga aka saya. Ku nemi na gwaji ku buɗe fayil ɗinku mafi girma da shi, ba na misalin da suka haɗo ba. Ku tambaya ko a kwamfuta ɗaya aka ɗaure lasisin, da abin da zai faru ranar da wuta ta ƙona ta. Ɗalibi mai SEG-Y, wato fayil ɗin awon ƙarƙashin ƙasa, yana da OpendTect kyauta, mai hoton asibiti na DICOM yana da 3D Slicer. Kwafin sata kuwa ku bar shi. Sakamakon da za ku buga da sunanku bai kamata ya fito daga manhajar da ba ku san abin da aka cusa mata ba.

Ma'auni goma a ido biyu

Babu manhajar da za ta faɗaɗa ido. Launi ya ɗauki ma'auni ɗaya, layukan kewaye su ɗauki na biyu, kibiyoyi su ɗauki iska, daga nan hoton ya cika. Haɗa ma'aunai bibbiyu kuma yana hayayyafa da sauri: ma'auni 10 hoto 45, ma'auni 30 hoto 435. Abin da ya kamata ku nema a manhaja shi ne tagogi masu jin juna, ku zagaye wasu ɗige-ɗige a wannan taga su haskaka a taswirar da ke waccan. Manhajar Glue don wannan aka yi ta, ParaView ma tana yi. Zanen sanduna a jere, inda kowane ma'auni ke da sandarsa kowane layi na tebur kuma zare ne da ke ratsa su, yana da amfani har zuwa zare 'yan dubbai. Sandunan da ke maƙwabtaka kawai yake gwadawa, don haka manhajar da ba ta bari a sauya musu wuri da linzami ba ta cika ba.

Dabarun lissafi irin su PCA da t-SNE ta 2008 da UMAP ta 2018 suna matse ma'aunai masu yawa su zama biyu. A daidaita sikeli tukuna. A ERA5 nauyin iska na kusan 100,000, zafi kusan 300, ruwan sama kuma da mita ake rubuta shi, ɗan gutsuren lamba. In ba a daidaita ba, nauyin iska kaɗai PCA za ta gani. Malamai masu duba aikin ɗalibai, wannan taku ce: a hoton t-SNE ko UMAP, girman gungu da tazarar da ke tsakanin gungu biyu ba hujja ba ne. Ɗalibin da ya rubuta cewa rukuni kaza ya fi nisa da kaza saboda haka ya gani a hoton, a mai da shi ga lambobin asali.

Launin bakan gizo da ake kira jet yana ƙirƙiro iyaka inda babu ita, kuma mai matsalar rarrabe ja da kore ba ya karanta shi. Matplotlib ta bar shi ta koma jerin launi na viridis a 2017. Bambanci daga matsakaici yana son launi biyu masu haɗuwa da fari a kan sifili. In taswira ta fito launi ɗaya tas, ku duba lambar cike gurbi, -9999 ko 9.97e36 ta NetCDF, wadda ba a gaya wa manhajar cewa ba awo ba ce.

Na'urar kanta

Jerin da muke ba da shawarar kuɗi su bi shi ne RAM, sai faifai, sai wuta, sannan kati. GB 16 na koyo ne. GB 32 ya ɗauki aikin taswira da tebur in an yanka an gunduwa yadda ya kamata. Mai dunƙule ya fara daga 64. Faifai mai juyi yana karanta kusan MB 150 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD na SATA kusan 550, NVMe na PCIe 3.0 kusan 3,500, na 4.0 har 7,000. Fayil mai GB 20 ke nan minti biyu a na farko, daƙiƙa shida a NVMe. Aiki a kan NVMe mai TB 1 ko 2, ajiya a faifai mai juyi, kwafi na biyu kuma a wani gida daban.

Kati yana shigowa ne in za a haska cikin dunƙule ko a juya raga mai fuskoki miliyoyi, kuma abin dubawa a jikinsa RAM ɗinsa ne kafin sauri, domin dunƙulen sai ya shiga cikinsa. RTX 3060 mai GB 12 ya fi RTX 4060 mai GB 8 dacewa da wannan aiki duk da ya girme shi. RTX A4000 na da GB 16 a wat 140. RTX 4090 na da GB 24, amma wat 450 yake sha shi kaɗai. Ku kula, suna ɗaya ba kaya ɗaya ba ne: RTX 3060 na laftof GB 6 ne, 4090 na laftof GB 16.

Laftof tana da abin da babu kwamfutar tebur da ke da shi a Legas, wato batir, kuma tana shiga jaka a hau BRT da ita. Amma tana rage gudu in ta yi zafi, da yawa kuma an liƙe RAM ɗinsu, abin da kuka saya shi ke nan har abada. Ku tambaya ramin RAM nawa ne, kuma iyakarsa nawa. MacBook tana gudanar da ParaView da Python lafiya, sai dai ba a ƙara mata RAM, kuma duk abin da ke buƙatar CUDA, fasahar lissafi ta katin NVIDIA, ba zai yi a kanta ba.

Ga mai dunƙule da ƙaramin kasafi, tokumbon kwamfutar aiki irin su HP Z440 ko Dell Precision ko Lenovo ThinkStation P520 ita ta fi riba. Z440 na da ramin RAM takwas, tana ɗaukar GB 128, kuma tsohon RAM na manyan kwamfutocin saba (server) yana da araha. Sharuɗɗanta uku. RAM ɗinta nau'in ECC mai rajista ne, ba ya haɗuwa da na kwamfutar gida, kuma a sa sanda huɗu ko takwas don hanyoyinta huɗu su yi aiki tare. Akwatin wutarta iri biyu ne, mai wat 525 da mai 700, na biyun ne ke da igiyar ciyar da kati, kuma ba a musanya shi da na kasuwa kai tsaye saboda mahaɗarsa ta daban ce. Na uku, Windows 11 ba ta amince da furosesarta ba, tallafin Windows 10 kuma ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025. Ubuntu za ku sa, wadda dama kusan duk manhajojin kyautar da muka ambata suna gudana a kanta. Mai dogaro da Petrel, wadda Windows take buƙata, ya haɗa sabuwa.

Wuta kuwa a cikin kuɗin kwamfutar za ku lissafa ta tun farko. Na'ura mai RTX 3060 tare da allo tana kai wa wat 400 in aiki ya yi nauyi, mai 4090 tana haura 700. A farashin naira 225 kowane yunit da aka sa wa Band A a Afrilun 2024, awa takwas a rana naira 720 ke nan ga ta farko, 1,260 ga ta biyu, kafin a zo maganar man janareta. UPS da aka rubuta wa VA 1000 galibi wat 600 take bayarwa, kada lambar ta ruɗe ku. Akwatunan wutar kwamfutocin aiki kuma sukan mutu nan take in UPS ko inbata ta ba su wuta mai tsalle-tsalle, don haka ku nemi mai fitar da wuta sumul, wadda 'yan kasuwa ke kira fiyo sayin. Batir mai Ah 200 a bolt 12 rabinsa ake sha in ana so ya daɗe, kusan awa biyu da rabi ke nan ga na'urar wat 400. Yankewar wuta ana tsakar rubuta HDF5 na iya lalata fayil ɗin gaba ɗaya, ba ƙarshensa kawai ba, shi ya sa UPS ba ado ba ce. Danshin Legas da iskar gishiri a unguwannin bakin ruwa suna cin mahaɗai, ƙurar hunturu tana toshe fanka. A ɗaga na'urar daga ƙasa, a hure ta duk wata biyu ko uku.

Haya maimakon saye

In bayanan sun kai TB, kada ku ɗauko su, ku je inda suke. A layi mai Mbps 20, GB 36 awa huɗu ne, TB ɗaya ya haura kwana huɗu da rabi in layin bai yanke ba. Digital Earth Africa ta ajiye hotunan Sentinel-2 da Landsat na nahiyar a cibiyar AWS ta Cape Town, tana da wurin gwaji kyauta ta burauza. Google Earth Engine kyauta ce ga binciken da ba na kasuwanci ba. ParaView ma ana raba ta biyu: pvserver ta zauna a babbar na'ura kusa da bayanan, tana saurare a ƙofa ta 11111, laftof ɗinku tana karɓar hoto kawai. Sigar ɓangarorin biyu dole ta zama ɗaya daidai, in ba haka ba ba za su gaisa ba. Sashen da ke da ɗalibai goma ya fi cin riba da na'ura ɗaya mai RAM 128 a ofis mai wuta, a kan laftof goma masu tsada.

Hayar da ake biya da awa da dala ce ita ma. Ana cajin na'urar da aka manta a kunne, ana cajin faifanta ko an kashe ta, ana cajin fitar da bayanai. Ku sa ƙararrawar kasafi ranar farko. Ku kuma riƙe ƙaramin kwafi a gida. A 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, sun samu matsala rana ɗaya, intanet ta yi rauni a Najeriya kwanaki, kuma ranar kare digiri ba ta jiran gyaran igiya.

A cikin shago

Ko Ikeja ce ko Alaba, ku je da filasha mai ɗauke da kayan gwaji da wani yanki na bayananku, ku gaya wa mai shago tun kafin ciniki cewa sai kun gwada. Mai kaya na gari ba ya ƙi. Ku shiga BIOS ku tabbata babu kalmar sirri a kai, ku karanta lambar jikin na'urar ku duba ta a shafin Dell ko HP don ganin abin da ta fito da shi daga masana'anta. CrystalDiskInfo zai nuna awa nawa faifan ya yi yana aiki da yawan abin da aka rubuta a kansa. GPU-Z zai nuna ko katin shi ne abin da aka rubuta a kwali. FurMark na minti 15 zai fito da zafi da ɗige-ɗigen da ke bayyana a allo in RAM ɗin katin ya gaji. MemTest86 yana ɗaukar awanni a kan GB 64, ba za a gama shi a tsaye ba, don haka a rubuta muku a rasit kwanakin da za ku iya dawo da kaya, da lambar kowace sandar RAM, ku bar shi ya kwana yana gudu a daren farko. SSD ko filasha mai arahar da ta wuce hankali a cika ta da H2testw, akwai masu nuna TB 2 alhali cikinsu bai kai haka ba, kuma ba sa nuna alama sai bayanai sun wuce iyakar gaskiyar sun fara taka na farko. Daga nan ku buɗe fayil ɗinku a manhajar da kuka zaɓa, ku bar ma'aunin RAM a buɗe a gefe, ku yi matakin da ya saba sandarar da tsohuwar kwamfutarku. In ma'aunin ya haura kashi 80 cikin ɗari, ku rage kuɗin kati ku ƙara sandar RAM.